Takardar Koke Zuwa Ga Mai Alfarma Sarkin Musulmi Kan Murar Hunturu Da Rigakafinta A Manyan Makarantun Sakkwato

Zuwa ga
Mai Alfarma Sarkin Musulmi,
Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar III,
Fadar Sarkin Musulmi, Sakkwato.

Daga ɗalibai, malamai, ƙananan ma'aikata da maƙwabtan jami'o'i da manyan makarantun Sakkwato waɗanda suka sa hannu a wannan takarda.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya taimaki Sarkin Musulmi, ya ja zamaninsa, ya ƙara masa lafiya da nasara. Bayan gaisuwa da ban girma irin wanda ya kamaci 'ya'ya a gaban uba, mun kawo kukanmu ne a kan wata cuta da aka raina, har mai fama da ita kan ji nauyin cewa ba shi da lafiya. Muna nufin mura mai kwantarwa, wadda likitoci ke kira infuluwenza. Ba mu zo ƙarar kowa ba. Mun zo neman bakin uba ne, domin abin da muke roƙo ya fi ƙarfin makaranta guda, kuma akwai ɓangarensa da kuɗi ba su iya saye, wato yardar jama'a.

Ranka ya daɗe, wannan mura ta sha bamban da ta atishawa da yoyon hanci wadda mutum kan yi yana tafiyar da harkokinsa. Ita farat ɗaya take kamu. Ɗalibi zai fita lacca da safe garau, kafin la'asar jikinsa ya ɗau zafi, kai na sarawa, gaɓoɓi na ciwo, ga rawar ɗari, ga busasshen tari da kan ɗauki mako biyu ko fiye bai sake shi ba. Daga shigar ƙwayar jiki zuwa bayyanar ciwon kwana biyu ne galibi, wani lokaci ɗaya, wani lokaci huɗu, kuma mutum kan fara shafa wa na kusa da shi tun kafin shi kansa ya san ya kamu. Mafi yawan matasa kan miƙe cikin mako guda, shi ya sa ake cewa "ai mura ta, za ta wuce". Amma akwai waɗanda ba ta wuce musu haka. Mai sikila tana iya tayar masa da ciwon ƙashi da na ƙirji. Mai asma numfashinsa ke sarƙewa. Mai juna biyu, mai ciwon suga, mai ciwon zuciya ko ƙoda, jariri da tsoho, duk tana iya gangarar musu zuwa huhu ta zama nimoniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kowace shekara mutum miliyan 3 zuwa 5 ne wannan mura ke yi wa mugun kamu a duniya, kuma tana kashe tsakanin 290,000 da 650,000 ta hanyar ciwon numfashi. Waɗannan mutane da muka lissafa duk suna cikinmu. Akwai matan aure masu ciki da masu goyo a azuzuwanmu, akwai dattawa a cikin malamanmu da masu gadinmu, kuma Najeriya ce ƙasar da ta fi kowace yawan masu sikila a duniya.

Wanda ya san zaman makaranta ya san dalilin da ya sa cutar numfashi ke jin daɗin wurin. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, idan hunturu ya sauka da hazo da ƙurarsa, kowa rufe taga yake yi, ya toshe kafar da iska ke shigowa da tsumma. Ɗaki guda na ɗauke da masu shi da baƙinsu, domin Bahaushe ba ya barin ɗan garinsu ya kwana waje. Da safe a cika motar zuwa makaranta kafaɗa da kafaɗa, gilashi a rufe saboda sanyi. A shiga ɗakin lacca ɗaruruwa a zauna awa biyu, a fito a yi sahu a masallaci, a ci abinci kwano guda, a sha ruwa da moɗa guda. Babu abin kunya a cikin wannan zama, zumunci ne da muke alfahari da shi. Sai dai tarin mutum ɗaya a irin wannan wuri ya isa ya kwantar da ɗaki, ɗakin kuma ya kwantar da bene.

Kuma ba a cikin katangar makaranta abin ke tsayawa ba. Masu shara, masu sayar da abinci, masu shayi, masu wanki da 'yan kabu-kabu da ke hidima da mu, da yamma gidajensu suke komawa, a Dundaye da Kwalkwalawa da unguwannin cikin gari, inda jarirai da tsofaffi ke jiransu. Ranar da aka ba da hutu kuwa, dubban ɗalibai ke watsewa zuwa Gwadabawa, Illela, Tambuwal, Wurno, Isa, zuwa Kebbi da Zamfara da sauran jihohin ƙasar nan, har da ƙetaren iyaka. Abin da ya kama mu a ɗakin kwana shi muke kai wa kakanninmu tsaraba. Wannan ne ya sa muka ga maganar ta kai a kawo ta fada.

Akwai abu biyu da ke ƙara mana tsoro. Na farko shi ne yadda muke jinyar kanmu. Da zarar jiki ya yi zafi sai a nufi kemis a ce a haɗo na maleriya da kafso, ba gwaji, ba ganin likita. Infuluwenza kuwa bairos ce, wato nau'in ƙwayar cuta da maganin antibayotik irin su kafso ba ya taɓa ta ko kaɗan. Abin da shansa barkatai ke haifarwa shi ne ƙwayoyin cutar da ke jikinmu su saba da shi, ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi ci. Maganin da aka yi domin wannan mura, irin su oseltamivir, ya fi amfani idan an fara shi cikin awa 48 na farko, ga shi yawancinmu ko sunansa ba mu taɓa ji ba. Na biyu ya fi muni. Lokacin murar shi ne lokacin sanƙarau, kuma farkonsu kan yi kama: zazzaɓi da ciwon kai. Mutanen Sakkwato ba su manta da 2017 ba, shekarar da sanƙarau nau'in C ya taso daga Zamfara ya shigo nan, aka rasa mutum sama da dubu a faɗin ƙasa. Ga mashaƙo da ya sake ɓulla a Arewa tun ƙarshen 2022, shi ma da ciwon maƙogwaro da zazzaɓi yake farawa. Ɗalibin da ya saba cewa kowane zazzaɓin hunturu mura ce, shi ne zai kwanta da sanƙarau a ɗaki yana jiran ta wuce, alhali sanƙarau awoyi yake ba mutum.

Allah ya ba ka nasara, tarihi ma ya gargaɗe mu. A zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Maiturare, cikin watan Satumba na 1918, wata infuluwenza ta shigo Najeriya ta tashar jirgin ruwa ta Legas, ta biyo layin dogo da hanyoyin fatake zuwa Arewa. Masana tarihi sun ƙiyasta ta kashe kimanin mutum rabin miliyan a ƙasar nan cikin 'yan watanni, a lokacin da jama'ar ƙasar ba su kai miliyan 20 ba. Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne ta fi ɗaukar majiya ƙarfi, 'yan shekara 20 zuwa 40, wato sa'o'inmu. Ba mu ce irinta na tafe gobe ba. Amma ƙwayar wannan cuta ba ta zama da kama ɗaya, kullum cikin sauyawa take, kuma a 2009 duniya ta sake ganin sabon nau'inta ya zagaye ƙasashe. A watan Fabrairu na 2006 kuma, a wata gonar kaji a Jihar Kaduna aka fara tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a nahiyar Afirka, a farkon 2007 ta kashe wata mata a Legas. Muna da ɗaliban likitancin dabbobi da na aikin gona da ke shiga cikin kaji kullum, muna da masu fige kaji a kasuwanninmu. Allurar murar shekara ba ta kare mutum daga murar tsuntsaye, amma al'ummar da ta saba kai rahoton mura ita ce za ta fara lura idan baƙuwa ta shigo.

Ita allurar rigakafin, ya kamata mu faɗi gaskiyarta gaba ɗaya a gaban Sarkin Musulmi, da amfaninta da iyakarta. An fi shekara 70 ana amfani da ita a duniya. Sau ɗaya ake yi a shekara, a dantse, kuma dole a sabunta ta kowace shekara saboda sauyawar ƙwayar. Hukumar Lafiya ta Duniya kan fitar da haɗin da ya dace sau biyu, a Fabrairu domin ƙasashen arewacin duniya, a Satumba domin na kudanci. Jiki na buƙatar kimanin mako biyu bayan an yi ta kafin kariyar ta kankama. Ba ta tsare kowa ɗari bisa ɗari. A shekarar da haɗin ya dace da ƙwayar da ke yawo, tana rage haɗarin kamuwa da kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, wanda ya kamu bayan ya yi ta kuma galibi ciwon kan zo masa da sauƙi. Ba ta hana murar atishawa ta yau da kullum, don haka wanda ya yi ta ya ga yana majina kada ya ce an yaudare shi. Ta allura ba ta ɗauke da ƙwaya mai rai, ba ta iya sa wa mutum cutar. Abin da aka fi gani bayanta shi ne tsamin dantse da ɗan zafin jiki na kwana ɗaya ko biyu.

Matsalar ita ce wannan allura ba ta cikin jerin rigakafin da gwamnati ke yi kyauta a asibitocin shan magani. Mai hali kan same ta da kuɗinsa a asibitoci masu zaman kansu na manyan birane. Alhazanmu da ke tashi daga filin jirgin sama na Sultan Abubakar III sun san hukumomin Saudiyya na shawartar mahajjata su yi ta, saboda cunkoson Makka da Mina. To ɗalibar da ke da sikila, wadda kuɗin makaranta ma sai an sayar da akuya, ina za ta same ta?

Ga abin da muke roƙo, Allah ya taimake ka. Muna roƙon Mai Alfarma ya kira zama a fada, ya haɗa shugabannin Jami'ar Usmanu Danfodiyo da asibitin koyarwarta, da Jami'ar Jihar Sakkwato, da sauran manyan makarantun jihar, da Ma'aikatar Lafiya da hukumar kula da lafiya a matakin farko, a tsara yadda za a samo allurar kafin shigowar hunturu. Mun san ba za a iya yi wa kowa a tashin farko ba, kuma ba mu nemi haka ba. A fara da waɗanda ta fi yi wa barazana: masu sikila, masu asma da sauran masu ciwo mai daɗewa, masu juna biyu, dattawan ma'aikata, sai ɗaliban likitanci da na jinya da ma'aikatan asibiti waɗanda ke tsaye kan marasa lafiya. A sa ƙananan ma'aikata da masu sana'a a harabar makarantu cikin lissafi, kada a tsaya ga masu katin ɗalibi kawai. Tunda sai ta yi mako biyu kafin ta fara aiki, allurar da ta iso tsakiyar Janairu ta makara. Wane haɗi ya dace da mu da kuma wane wata ya fi, wannan hukuncin likitoci ne, domin a ƙasashe masu zafi murar kan yi yawo a kowane lokaci na shekara. Batun kuɗi kuwa, akwai shirin inshorar lafiyar ɗaliban manyan makarantu na TISHIP, akwai hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, akwai attajiran Sakkwato da tsofaffin ɗalibai da ba za su ƙi kiran fada ba. A duba a ga ta wace ƙofa za a biya wa marasa hali. Kuma a tabbatar duk abin da za a kawo yana da rajistar NAFDAC, an adana shi cikin sanyin digiri 2 zuwa 8 tun daga inda ya taso. A garin da zafi kan haura digiri 40, firji mai aiki da hasken rana ba ado ba ne, idan babu shi ruwa kawai za a tsira wa mutane.

Sai maganar da ta fi dacewa da wannan fada, wato yarda. Jama'armu na da dalilin yin tambaya idan an zo musu da allura. Gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996 ya bar tabo, kuma shi yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, cutar ta sake bazuwa har zuwa wasu ƙasashe. Abin da ya gyara lamarin shi ne shigowar sarakuna. Kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya da aka kafa a 2009 ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma ya bi hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai har ƙofar gida, aka ga sarakuna na ɗiga wa 'ya'yansu da jikokinsu maganin a bainar jama'a. A ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Irin wannan aiki muke roƙo a yi mana, a ƙaramin sikeli. Mu da ake kira 'yan boko ba mu tsira daga jita-jita ba, hasali ma a wayoyinmu ta fi gudu. Muna so a zaunar da malaman addini da likitoci wuri guda, a buɗe takardar da ke cikin kwalin allurar a karanta abin da aka haɗa ta da shi. Yawancinta a cikin ƙwan kaza ake renon ƙwayar kafin a kashe ta. Akwai wani nau'i na fesawa a hanci da ake yi wa yara a Ingila wanda ke ɗauke da sinadarin da aka samo daga alade, Musulmin can sun yi ta magana a kansa. Gara a faɗi wannan a fili, a nuna cewa wadda aka kawo mana ba ita ba ce, da a bari wani ya tono shi daga baya ya ce an ɓoye. Kuma muna roƙo kada a tilasta wa kowa, kada a ɗaura ta a kan rajista ko shiga jarrabawa. Allurar da aka yi da dole kan jawo wa ta gaba ƙiyayya.

Addininmu bai bar mu cikin duhu a wannan babi ba. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, idan zai yi atishawa yakan rufe fuskarsa da hannunsa ko tufafinsa. Ya hana a gwama marasa lafiyar raƙuma da masu lafiya, ya hana shiga garin da annoba ta sauka da fita daga cikinsa. Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, ya ce muna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. A wannan gida ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da ciwon ido da basir. Idan fada ta umarci limaman Juma'a na makarantu da kewayensu su ware huɗuba guda a farkon hunturu a kan rufe baki lokacin tari, wanke hannu da sabulu, barin tofar da kaki a hanya, da cewa mai zazzaɓi da tari yana da uzurin yin salla a ɗaki, za ta shiga kunnen da sanarwar allo ba ta shiga. 'Yan uwanmu Kiristoci da muke karatu tare su ma a isar musu ta majami'unsu, tunda Mai Alfarma na cikin shugabannin majalisar tuntuɓa tsakanin addinai ta ƙasa.

Akwai wata buƙata da ba ta cin ko kwabo, amma mun fi jin ta a jikinmu. Ɗalibi mai zazzaɓi yakan ja jiki ya shiga ɗakin jarrabawa ne domin tsoron ya rasa darasi ya maimaita shekara. Zai zauna awa uku yana tari tsakanin mutane, shi bai rubuta abin kirki ba, na kusa da shi kuma sun tafi da cuta. Ƙaramin ma'aikaci ma haka, tsoron a yanke masa albashi ke fito da shi. Muna roƙon Mai Alfarma ya yi magana da hukumomin makarantu su sauƙaƙa hanyar da mai takardar likita zai rubuta jarrabawarsa daga baya, a kuma sanar da kowa wannan hanya tun farkon zango. A ware ɗaki ko biyu a ɓangaren maza da na mata inda mai zazzaɓi zai kwanta har ya yi kwana guda jikinsa bai yi zafi ba. A ajiye takunkumi a ƙofar asibitin makaranta domin masu tari, a samar da ruwa da sabulu a bakin ɗakunan lacca da wuraren cin abinci, a riƙa buɗe tagogin manyan azuzuwa ko da ana sanyi.

Muna kuma so a san abin da ke kwantar da mu. Tun 2008 Najeriya ke da tsarin bibiyar infuluwenza a wasu zaɓaɓɓun asibitoci, ciki har da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, na da babban ɗakin gwaji a Gaduwa, Abuja. Sakkwato na da asibitin koyarwa, da masanan ƙwayoyin cuta, da ɗaliban da ke neman abin bincike. Idan asibitocin makarantu suka riƙa rubuta yawan masu zuwa da zazzaɓi da tari mako-mako, ana ɗaukar samfurin wasu ana aikawa gwaji, cikin 'yan shekaru za a san watan da murar ta fi tsanani a nan da nau'in da ke yawo, a daina sayen allura da ka. Wannan lissafi shi zai fara nuna alama idan sanƙarau ko mashaƙo ya kutso.

Mu ma ba za mu naɗe hannu ba. Ɗalibanmu na likitanci, jinya da haɗa magunguna sun shirya bin ɗakunan kwana suna bayani da Hausa da Fulfulde da Turanci, musamman alamomin da ba a kwana da su: sanƙarewar wuya, sarƙewar numfashi, ciwon ƙirji, ruɗewa, da zazzaɓin da ya sauka ya dawo da ƙarfi. Za mu taimaka wajen rubuta sunayen masu buƙatar allurar cikin sirri, mu tsaya a layi a fara da mu a gaban kowa. Idan fada ta ga ya dace, muna roƙon a ba wakilanmu dama su zo su yi wannan bayani baki da baki, kuma a sa zaman da muka roƙa tun da sauran watanni kafin hunturu, domin sayo allura da jigilarta na ɗaukar lokaci.

Allah ya ƙara wa Sarkin Musulmi lafiya da nisan kwana, ya kare Sakkwato da jama'arta.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Mu ne 'ya'yanka masu biyayya,
ɗalibai, malamai, ma'aikata da maƙwabtan manyan makarantun Sakkwato. Sunayenmu da sa hannunmu na cikin takardun da ke haɗe da wannan koke.